Yadda zaka shirya sujadar godiya bayan Ubangiji ya tsamo ka daga bakin mutuwa

Na daɗe ina riƙe da littafin sanarwa a cocinmu, sashen Hausa anan Sabon Garin Kano, saboda haka kusan duk wanda zai fito godiya sai ya biyo ta teburina. Na ga masu godiyar haihuwa bayan doguwar naƙuda, na ga waɗanda suka tashi daga gadon asibiti, na ga waɗanda aka sako daga hannun masu garkuwa, na ga 'yan kasuwar da gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta cinye layinsu ta tsallake shagonsu. Amma gaskiya ban san nauyin abin ba sai da yazo kaina. Muna dawowa daga Zariya ni da ƙanena a motar haya, mun wuce Kwanar Dangora kaɗan tayar gaba ta fashe, motar ta dinga juyawa damu har cikin gonar mutane. Mu biyu mun fita, shi da karaya a cinya ni da ɗinki a ka, amma ba dukkanmu muka fita ba, akwai wata baiwar Allah da ke zaune a bayana wadda ko asibiti bata kai ba. Tun daga nan idan wani yazo yace min "magatakarda inaso in yi godiya, ya ake yi?" na daina bashi rana kawai in sallame shi, sai na jawo masa kujera mu zauna. Abinda nake faɗa musu a zaman ne nace bari in rubuta, ko zai amfani wani.

Godiya dai tun ranar da abin ya faru ake fara ta, ko kana kwance da robar ƙarin ruwa a hannu. Ka buɗe Luka 17 daga aya 11, kutare goma Yesu ya warkar a kan iyakar Samariya da Galili, ɗaya ne kawai ya juyo, shi ma Basamariye, kuma abinda yake taɓa ni a wurin shine mutumin nan yana ganin jikinsa ya washe ya juya nan take, bai ce bari inje gida in yi wanka in sa sabuwar riga tukuna ba. Sauran taran ni bana ganinsu a mugaye, irinmu ne, masu cewa "zan yi, bari dai abubuwa su ɗan daidaita". Na san gidan da suka ce sai sun tara kuɗin sa kafin su fito, yaron da aka yiwa aikin yana firamare a lokacin, yanzu ya gama sakandare, har yau ba a fito ba.

Toh a daren farko da ka dawo gida ka tara iyalinka har da yara, a karanta Zabura 124 ko 116, kowa ya yi addu'a ko gajeriya ce. Sannan ka samu littafi ko ka buɗe wayarka ka rubuta abinda ya faru tun yana ɗanye a ranka, ranar, wurin, waye ya taimaka, da me ka faɗa wa Allah a lokacin. Wannan na ƙarshen kar ka tsallake shi, domin a cikin firgita baki yana ɗaukar alkawari kala kala, "Ubangiji in ka fidda ni zan yi kaza da kaza", bayan wata 3 mutum ya manta kamar ba shi ya faɗa ba. Mai-Wa'azi 5:4-5, wanda a wasu juyin zaka ga an rubuta Mai Hadishi, yace gara kar ka yi wa'adi da ka yi ka ƙi cikawa. In kuma abinda ka ɗauka yafi ƙarfinka, kar ka zauna da shi a ciki kana tsoro, ka kai wa fasto ku duba yadda zaka cika shi da kaɗan kaɗan.

Sai zuwa wurin fasto ɗin. Dan Allah kar ka tare bawan Allah ranar Lahadi da safe yana shirin hawa mumbari kace yau zaka yi godiya kuma mutanenka suna hanya daga ƙauye. Kaje ofis a cikin mako ko bayan addu'ar tsakiyar mako, ka bada aƙalla sati 2 domin a samu a yi sanarwa sau biyu. Kowace ɗarika da tsarinta, na ECWA daban, na COCIN ko EYN ko HEKAN ko Angilika ko Baptis daban, wasu suna haɗa duk masu godiya a Lahadi guda a wata, wasu suna baka ranarka kai kaɗai, 'yan'uwanmu Katolika kuma ofishin faris, wato ofishin cocinsu, ake zuwa a rubuta maka Mas ɗin godiya, wato sujadar godiya. Ka tambaya minti nawa za a baka, domin a wasu majami'un namu sashen Turanci da na Hausa gini ɗaya suke amfani dashi, in ka ja lokaci wasu suna tsaye a waje cikin rana suna jiran ku fita. In da hali ka kauce wa ƙarshen shekara, daga godiyar kaka zuwa bukukuwan aure zuwa Kirsimeti ba masaka tsinke. In kuma ranar ta faɗo a Maris ko Afrilu lokacin da zafin Kano yake kan ganiyarsa, kuma mai jinyar bai gama samun ƙarfi ba, ka roƙi dattawa a ajiye masa kujera a gaba. Ƙanena da sanda yaje, a zaune ya bada shaidarsa, babu abinda ya ragu.

A wannan zaman ka faɗa wa fasto labarin duka, kar ka rage komai, shi zai taimake ka ka rabe wanda za a faɗa a gaban jama'a da wanda zai tsaya a ofis.

Yanzu ga inda yawancinmu muke ɓata rawarmu da tsalle, wato shaida. Ni ma'aunin da nake baiwa kowa shine Zabura 107, ka zauna ka karanta ta a nutse kafin ka rubuta kalma ɗaya. Mutane kashi huɗu ne a ciki, waɗanda suka ɓata a jeji da yunwa da ƙishi, waɗanda suke ɗaure a kurkuku, marasa lafiyar da ko abinci basa iya ci har sun kai ƙofar mutuwa, da masu jirgin ruwa da hadiri ya rutsa dasu a teku. Kusan duk wanda ya taɓa zama a kujerar gaban teburina yana cikin ɗaya daga cikin huɗun nan. Kuma kowane labari tafiyarsa ɗaya ce, ga wahalar, suka yi kuka ga Ubangiji, ya cece su, sai kiran a gode masa saboda ƙaunarsa, wannan kiran sau huɗu ya dawo, aya 8 da 15 da 21 da 31. Babu labarin da ya wuce aya 10. Kaga kenan in mai Zabura ya iya bada labarin hadirin teku a aya 10, kai ma zaka iya bada naka a minti 5.

Ka rubuta a takarda, ka karanta wa matarka ko wani na kusa yana duba agogo. Gaisuwa sau ɗaya ta isa, kace ku yabi Ubangiji, jama'a su amsa, ka gaida fasto da dattawa da ikilisiya a jimla guda, ka shiga magana. Ba sai ka fara daga ranar da aka haife ka ba, ba kuma sai ka rera waƙa uku kafin ka ce komai ba. Bayan ka gama rubutawa ka ɗauki biro ka ƙirga sau nawa kace "ni" sau nawa kace "Ubangiji", wannan ƙirgar ta gyara min tawa sosai, domin rubutun farko da na yi rabinsa labarin yadda na yi dabarar fasa gilashi ne. In kasan kuka zai iya ƙwace maka, ba abin kunya bane, ka sa wani ya tsaya kusa da kai ya karɓi takardar ya ƙarasa.

Kar ka ƙara gishiri. Allah baya bukatar ka yi masa ƙarya domin a yabe shi. In kwana 4 ka yi a asibiti kace 4, in likita bai ce ka mutu ba kar kace an riga an rufa maka zani, akwai mutanen da suka zo duba ka suna zaune a wurin, kuma yaranka suna ji. Haka kuma ka faɗi mutanen da Ubangiji ya bi ta hannunsu. In aiki aka yi maka kace aiki aka yi, ka gode wa likitoci da nas nas, ka gode wa matasan da suka bada jini da matan zumunta da suka dinga kai kunu asibiti. Mu ranar hatsarinmu mutanen ƙauyen da ke aiki a gona ne suka rugo suka jawo mu, Musulmi ne dukkansu, wani dattijo ya kwance rawaninsa ya ɗaure min kai, wani ya tsayar da motar da ta kawo mu Kano. Na faɗi wannan a gaban ikilisiya ɗaya bayan ɗaya, domin haka abin ya faru, kuma inaso yaran da ke zaune a wurin su girma da sanin haka.

Wani abu da nake roƙon mutane da hannu biyu, kar ka tsaya a gaban bagadi kace tunda Ubangiji ya warkar da kai ka zubar da magani. Mai hawan jini da mai ciwon suga da mai shan maganin ƙanjamau suna cikin masu sauraronka, mai tarin fuka ma wata 6 ake so ya sha nasa ba fashi ko da ya ji sauƙi a watan farko, in ya ji ka ya daina, alhakinsa a wuyanka. Ka lura su kansu kutaren nan Yesu cewa ya yi suje su nuna kansu ga firistoci, su ne masu duba jiki su tabbatar a wancan zamanin. Kai ma ka koma asibiti a duba ka, ka zo da sakamakon kana yabon Allah.

Akwai kuma abinda ake barin kaza cikin gashinta. In daga hannun masu garkuwa aka fito, kar a ambaci nawa aka biya, kar a ambaci wa ya bayar ko wa ya kai, kar a sa bidiyon a Facebook, baka san wanda yake ji ba kuma zaka iya jefa wanda ya taimake ka cikin hatsari. In maganar tana hannun 'yan sanda ko kotu, kace Ubangiji ya fidda ni kawai. In ciwon matarka ne ko na 'yarka, ka tambaye ta abinda ta yarda a faɗa, ba kowace mace ke son a bayyana cikinta a lasifika ba. Sannan makirfon coci ba wurin habaici bane. Na taɓa ganin wanda ya fito godiya ya ɓige da "masu so in mutu gani nan, wasu ma suna cikin ɗakin nan", aka tashi kowa yana kallon matar wansa, zumuncin gidan bai sake komawa daidai ba. In kana da zargi a kan wani, akwai dattawa, akwai ofis.

Amma wanda yafi duk waɗannan nauyi a wurina shine ka tuna da wanda yake zaune a benci yana sauraronka alhali nasa bai dawo ba. Mu mutanen Kano mun san wannan sosai. Ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012 sama da mutum 150 aka rasa a garin nan cikin yamma ɗaya. A ƙarshen Afrilun shekarar aka kai hari kan masu sujada a tsohuwar jami'ar Bayero. Ranar 18 ga Maris 2013 bam ya tashi a tashar New Road anan cikin Sabon Gari, a Nuwamba 2014 kuma maƙwabtanmu Musulmi suka kwashi gawarwaki a Babban Masallacin cikin gari. A kowanne ɗaya akwai wanda yake da shaidar cewa minti 5 ne ya raba shi da wurin, akwai kuma gwauruwar da mijinta ya isa wurin a daidai mintin. Su biyun coci ɗaya suke zuwa, wani lokacin benci ɗaya. Banda hatsarin mota da haihuwa da ciwon da muke binne mutane a kai kowane wata.

Saboda haka kar ka kuskura kace "da ba dan ina bada zakka ba da na mutu", ko "Allah ya duba amincina", ko "waɗanda suka rage a motar basu san Allah ba". Wannan fami ne kake yiwa mutane, kuma ba gaskiya bane. Ka buɗe Ayyukan Manzanni 12, a sura ɗaya Hirudus ya kashe Yaƙub da takobi, a surar nan dai mala'ika ya fito da Bitrus daga kurkuku sarƙoƙi suka zube. Wa zai ce Bitrus yafi Yaƙub bangaskiya? Ibraniyawa 11 ma haka, a aya 34 wasu sun tsere wa kaifin takobi, a aya 37 wasu da takobin aka kashe su, kuma duka an lissafa su a masu bangaskiya. Yesu da bakinsa a Luka 13 yace mutum 18 ɗin da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa basu fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Ni ban fi matar da ke bayana a motar nan komai ba, kujera ce kawai ta raba mu, na daɗe ina kwana ina tashi da wannan. Kafin in yarda a sa ranar godiyarmu sai da na nemi gidansu naje ta'aziyya, na zauna a tabarma da mijinta, ban iya cewa komai ba sai Allah ya bada haƙuri. Ranar godiyar kuma na roƙi fasto bayan ya yi mana addu'a ya yi wa iyalinta, da duk wanda ke cikin makoki a ikilisiya. Ka yi hakan kai ma. A cikin shaidar ka faɗi kalmar jinƙai, kace jinƙai aka yi min ban cancanta ba, ka tsaya a nan. Wata mama da ta rasa ɗanta a hanyar Kaduna ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ranar tace "ɗana, yau ne na farko da na iya zama har aka gama godiya ban fita ba".

Maganar kuɗi kuma, daidai ruwa daidai tsaki. Godiya bashi ce a kanka, amma ba da bashi ake biyanta ba, musamman wanda ya fito daga jinya ko fansa gida a bushe yake. Yusufu da Maryamu da suka kai Yesu Haikali tsuntsaye biyu suka miƙa, Luka 2:24, wannan kuwa hadayar wanda bashi da halin ɗan rago ce a shari'ar Musa. Ka sa baikonka a ambulan ka liƙe, ko nawa ne, ba sai an kira adadi ba. In kaya kake so ka bayar ka tambayi dattawa me ake bukata tukuna, wataƙila fanka ce ta lalace a ajin makarantar Lahadi, wataƙila kujeru, wataƙila buhun masara ɗaya daga Dawanau a raba wa gwauraye yafi komai amfani a watan. Anko ba dole bane. In danginka suna so kuma da hali, a shiga Kantin Kwari a ɗauko mai sauƙin kuɗi, amma kar a mayar da shi tikitin shiga layin rawa, na ga 'yar'uwar da ta kwana sati 3 a asibiti tana jinyar mutum ta ƙi zuwa godiyarsa saboda bata da kuɗin atamfa. Wannan abin ya ɓata min rai har yau.

Waƙa kam sati guda kafin ranar kaje ka ga shugabar Zumuntar Mata da mai koyar da kwaya, ka basu labarin a taƙaice domin su zaɓi waƙar da ta dace, matan nan sun fi mu sanin wace waƙa ce ta mai jego wace ce ta wanda ya tsallake rijiya da baya. Tun a Fitowa 15:20 da aka haye Bahar Maliya, Maryamu 'yar'uwar Haruna ce ta ɗauki abin kiɗa mata suka bi ta da rawa, har yau kuma in matanmu suka buga tulu da caki da kuge babu kiɗan haya da zai kama ƙafarsu. Ka haɗa da guda ɗaya daga Littafin Waƙoƙi wadda tsofaffi suka haddace domin kowa ya sa baki. Yawanci daga bayan coci ake tasowa, mai godiya da iyalinsa a gaba, dangi, sannan ƙungiyoyin zumunta da sauran jama'a, a ajiye baiko, iyalin su durƙusa a gaba a yi musu addu'a. Ka tambaya ko ana yarda da liƙi, wasu majami'un sun hana. Hoto kuma a wakilta mutum ɗaya, kuma in an sunkuya addu'a shi ma ya sauke wayar.

In ka gayyato baƙi daga wata unguwa ko abokan aiki da basu saba zuwa ba, ka sanar dasu tun a gida cewa ana bincike a ƙofa kuma mota da adaidaita nesa kaɗan suke tsayawa, su rage manyan jakunkuna, kar wani ya ji kamar shi kaɗai aka tsare. Ka baiwa masu tsaron ƙofa labarin adadin da kake tsammani.

Abinci. Akwai wata doka a Littafin Firistoci 7:15 da nake so ƙwarai, naman hadayar godiya a ranar ake cinye shi, ba a barin ko kaɗan ya kwana. Ka yi tunani, mutum ɗaya da iyalinsa ba zasu iya cinye dabba guda a yini ba, dole ya kira mutane. Toh kaima abincin godiyarka na rabawa ne, ba sai ka kama hol ko ka kafa kanofi ka tare layi ba. Tukunyar dafa-duka ɗaya da zoɓo a kula ta wadatar, shinkafa da mai a Singa, kayan miya a Yankaba da sassafe sun fi sauƙi. In kunun aya za a yi a yi shi a safiyar a sa ƙanƙara, baya jure zafi, kafin a tashi sujada zai iya juyawa. Kafin a zuba wa manyan baƙi a ware na masu gadin ƙofa da 'yan Birged, wato ƙungiyar matasan coci masu yunifom, da suka tsaya a rana, da mai share coci, da yaran makarantar Lahadi, da tsofaffin da basa iya fitowa a kai musu gida. Luka 14 cewa ya yi in ka yi biki ka kira waɗanda basu da abin rama maka.

Kar ka manta maƙwabta. Mutumin da Yesu ya raba da aljanu a Markus 5 ya so ya bi shi, yace masa a'a, koma gida wurin mutanenka ka faɗa musu abinda Ubangiji ya yi maka. A layinmu gida biyu ne kawai na Kirista, kuma lokacin da muke kwance maƙwabtan nan sun yi zirga zirgar dubiya har da 'yan kuɗinsu a hannu. Saboda haka akuyar da muka samu mahauci Musulmi na kira ya yanka, kamar yadda yawancinmu muke yi da Kirsimeti, domin kowa ya ci hankali kwance. Ni da kaina na bi gida gida da kwano, in an tambaya na mene ne ince godiya muke yiwa Allah da ya tashi kafaɗunmu, su ce Alhamdulillahi Allah ya kiyaye gaba, ince amin. Yaba kyauta tukwici, su ma sun yi mana.

Bayan an kwashe kujeru an wanke tukwane akwai sauran aiki kaɗan. Sama'ila da Ubangiji ya cece su daga Filistiyawa dutse ya kafa ya sa masa suna Ebenezer, 1 Sama'ila 7:12, domin na baya su gani su tambaya. Babanmu yana da tsohon Littafi Mai Tsarki irin juyin 1932, bangon ciki cike yake da rubutunsa, ranar da ƙyanda ta kama yayarmu ta tashi, ranar da ya faɗa rijiya aka ciro shi, kowanne da aya a gefe. Ka samu wuri irin wannan ka rubuta naka, ranar da wurin da ayar da ta riƙe ka. Ka sa ranar a wayarka ta dinga tuna maka duk shekara, in ta zagayo a yi addu'ar gida, a baiwa yara labarin, ba sai an sake dafa komai ba. In jinin wani aka ƙara maka, in ka warware likita ya yarda kaje kai ma ka bayar, asibitocinmu kullum cikin nema suke. In a wani ɗakin jinya ka kwanta, ka koma da 'yar lemo da sabulu ka gaida wanda yake kan gadon yanzu.

Mu dai bayan ƙanena ya ajiye sanda mun hau mota mun koma wurin, muka yi ta tambaya a bakin titi har aka nuna mana gidan dattijon nan mai rawani. Na kai masa sabon rawani da ƙwaryar goro da sukari, da farko ma bai gane ni ba sai da na cire hula na nuna masa tabon. Ya riƙe kaina da hannu biyu yana dubawa, ya kira matansa da 'ya'yansa su zo su ga mutumin motar nan, aka shimfiɗa mana tabarma aka dama fura. Da zamu tafi ya raka mu har gonar, ya nuna mana daidai inda motar ta tsaya, dawa ce a wurin ta kai kafaɗa. Muka roƙe shi izini, ni da ƙanena muka durƙusa a kunyar muka karanta Zabura 124, shi kuma yana tsaye a gefe yana jiranmu.